An yi wa yaro aikin karayar gwiwar hannu amma yatsu biyu sun ƙi lanƙwasuwa: amsar likitan ƙashi

Wata uwa ce a nan Jos ta aiko mini da tambaya. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Likita, ɗana mai shekara 6 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya karye a gwiwar hannu. Da muka kai shi asibiti sun ce ba sa jin bugun jini a wuyan hannun, amma hannun da ɗuminsa. A daren aka shiga da shi tiyata aka sa masa ƙarfe, muka yi kwana uku aka sallame mu. Yau sati uku, kumburi ya saɓe, amma ba ya iya lanƙwasa kan babban yatsa da manuni, ko tsinken ashana ba ya iya ɗauka da su. Kakarsa ta ce ƙarfen ne ya taɓa jijiya, hannun zai shanye, a cire a kai shi wurin mai ɗori. Jijiyar ta tsinke ne? Me za mu yi?"

Maman yaro, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara sauke miki abin da ya fi danne miki zuciya. Yadda kika kwatanta, babban hatsarin ya wuce tun a kwana ukun nan da kuka yi a asibiti, abin da ya rage kuma yawanci da kansa yake warwarewa cikin 'yan watanni. Kada a kwance komai, kada a kai shi ko'ina a ja masa hannu. Sai dai na san idan na tsaya a nan ba ki da abin da za ki faɗa wa Hajiya kaka gobe da safe, don haka ki yi haƙuri da dogon bayani.

Rabin rikicin daga bakinmu yake. Mu kalma ɗaya gare mu, jijiya, kuma abu uku muke kira da ita: bututun da jini ke bi, da farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka da fata, da kuma igiyar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi. Sai likita ya ce "jijiya ta taɓu", uwa ta ji abu ɗaya, kaka ta ji wani, kowa ya koma gida da fassararsa. A nan zan riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo don mu rarrabe. Bambancinsu ba a suna ya tsaya ba. Jijiyar jini awoyi ake ƙirga mata, jijiyar saƙo kuwa watanni. Da yawa daga cikin hannuwan yaran da na ga sun lalace, an yi jira ne a inda ake buƙatar gudu, ko kuma an yi ta jagwalgwala hannun a inda ake buƙatar a ƙyale shi.

Ƙashin damtse idan ya gangaro daf da gwiwar hannu sai ya baje, ya yi faɗi, ya yi siriri ƙwarai a tsakiya. Yara 'yan shekara 5 zuwa 7 gwiwar hannunsu kan miƙe har ta ɗan wuce ta baya, to idan yaro ya faɗo ya tokare ƙasa da hannu a miƙe, nan siririn wurin yake ɓallewa. Fiye da tara cikin goma na irin wannan karaya haka take faruwa, kuma ita ce karayar gwiwar hannu da muka fi gani a yara, musamman lokacin mangwaro da lokacin hutun makaranta. Guntun ƙasa yana tafiya baya, bakin ƙashin sama mai kaifi ya soko gaba. A gaban nan kuwa babbar jijiyar jinin hannu take kwance, kafaɗa da kafaɗa da wata babbar jijiyar saƙo. Shi ya sa wannan karaya ba kamar sauran ba ce.

Wani likitan Amurka mai suna Gartland ya kasa ta gida uku a 1959, kuma har yau da rabonsa muke magana. Akwai wadda ƙashin ya tsage bai goce ba, siminti na sati uku ya ishe ta. Akwai wadda ya goce amma bayansa na riƙe, kamar ɗanyen kara da aka karya bai rabu ba. Sai ta uku, wadda ya rabu biyu ɗungurungum, kuma duk alamu na ɗanki nan ya faɗa. A cikin waɗanda ƙashin ya goce, kusan yaro ɗaya cikin goma yana zuwa da jijiyar saƙo a taɓe, kuma ba baƙon abu ba ne a nemi bugun jini a wuyan hannu a rasa.

Idan aka kawo mini irin wannan yaro, kafin in nemi hoton ƙashi hannun nake fara riƙewa. Da ɗumi ko da sanyi? In danna farce ya yi fari, in saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko kuwa yana jan ƙafa? Littattafanmu Turawa suka rubuta su, suna ta maganar hannu mai launin hoda da hannun da ya yi fari fat. Mu bayan hannun yaranmu ba ya faɗar komai, sai dai tafin hannu da farce da naman kan yatsa. Wani abin da littafin bai san da shi ba shi ne lalle. Yarinya ta sha ƙunshin Sallah, farce ya yi baƙi ƙirin, tafin hannu ya yi jawur, sai mutum ya bi yatsu ɗaya bayan ɗaya yana neman inda lallen bai kama ba. Ga kuma sanyin Jos: a watan Disamba da ƙarfe biyun dare kowane yaro hannunsa ƙanƙara ne, dole sai an gwada da ɗaya hannun mai lafiya kafin a ce wannan ya fi sanyi. Muna kuma maƙala 'yar na'urar nan ta kan yatsa mai auna iskar jini, in akwai wata na'ura da ake kira Dofla mu saurari tafiyar jinin da ita.

Daga nan yara ke rabuwa biyu. Akwai wanda babu bugun jini, hannu ya yi sanyi, ya koɗe, jini ba ya dawowa farce. Wannan ko ƙarfe nawa ne ɗakin tiyata za a nufa, domin tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa shida kafin ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Akwai kuma irin ɗanki: babu bugu, amma hannu da ɗumi, jini na dawowa farce.

Mutane kan yi mamakin yadda hakan ke yiwuwa. Ki dubi ranar da aka tare titin Bauchi. Manyan motoci sun tsaya cak, amma masu keke napep ba sa tsayawa, sai su kutsa lunguna su ɓulla ta gaba. Haka gwiwar hannu take, Allah ya kewaye ta da ƙananan hanyoyin jini da yawa. Idan babbar ta toshe, jini na bi ta ƙananan ya isa yatsu, ya ishe su rayuwa, sai dai ba shi da ƙarfin da zai yi bugun da likita zai ji. Wannan ma gaggawa ce, ba a barinsa sai an ga dama, amma ba kamar na farko ba.

A duka biyun maganin farko ɗaya ne, wato a mayar da ƙashi mazauninsa. Galibi jijiyar jinin ba yankewa ta yi ba, lanƙwashewa ta yi a bakin ƙashi ko ta miƙe ta tsuke, kamar tiyon ruwa da aka taka. Ɗaga ƙafa kawai ake buƙata. Shi ya sa ba ma ɓata lokaci wajen neman hoton hanyoyin jini kafin aiki, mun riga mun san inda matsalar take. Kafin a shiga, ana tallafe hannun yana ɗan lanƙwashe kaɗan, ba a naɗe shi sosai, don naɗewar na ƙara matse jijiyar. Kuma ga iyaye masu karatu: daga lokacin da yaro ya karye kada a ba shi kunu ko shayi "don ya samu ƙarfi". Mai ba da maganin barci yana buƙatar ciki babu abinci, kofin kunu ɗaya na iya jawo jinkirin awoyi.

A ɗakin tiyata, bayan yaro ya yi barci, ana jan hannun a hankali a daidaita ƙashin ana dubawa da na'urar hoto, sannan a soka sirarun ƙarafa biyu ko uku ta cikin fata su riƙe shi. Kaurinsu bai wuce milimita 2 ba, sun fi tsinken tsire siranta. Wani likitan Jamus, Kirschner, ya fito da irinsu a 1909. Amfaninsu a nan babba ne: tunda ƙarfe ya riƙe ƙashi, ba sai an naɗe gwiwar sosai ba kafin karayar ta zauna, jini sai ya samu hanya. Bayan an gama ba ma gaggawar fita. Mukan ɗumama hannun, mu jira minti goma ko sha biyar, mu sake dubawa.

Yara da yawa a nan bugun yake dawowa, a yi hamdala. Idan kuwa ƙashi ya zauna amma hannu na nan da sanyi, sai a tsaga gaban gwiwar a nemo jijiyar ido da ido. Wani lokaci a tarar ta maƙale tsakanin bakunan ƙashi, wani lokaci wani zaren nama ne ya shaƙe ta, ana yanke shi ta buɗe. Wani lokaci ta tsuke ne kawai, a jiƙa ta da ruwan gishiri mai ɗumi da magani ta saki. In jini ya daskare a ciki a fitar, in ta yage a ɗinke, in ɓarnar ta yi tsawo a yanko guntun jijiyar jini daga ƙafa ko daga hannun a yi mata gada. Haka nan idan da bugu kafin aiki amma aka rasa shi bayan an daidaita ƙashi, ba a jira, domin alama ce an danne jijiyar a cikin karayar. Sai a zare ƙarafan a buɗe.

Inda likitoci suka yi saɓani shi ne na tsakiya: ƙashi ya zauna, hannu da ɗumi, bugu bai dawo ba. Wasu sun ce a buɗe a gani, kada a yarda da ƙananan hanyoyi. Mafi yawa sun ce a kwantar da yaro a sa masa ido awa 24 zuwa 48, domin bugun kan dawo da kansa, wani a cikin awoyi, wani bayan kwanaki ko makonni. Ni ina tare da masu sa ido, amma da sharaɗi. Sa ido na nufin ma'aikaciyar jinya tana taɓa hannun nan kowace awa, dare da rana, ba a kwantar da yaro a manta da shi sai zagayen safe ba. Kuma idan rashin bugun ya haɗu da taɓuwar jijiyar saƙon da ke maƙwabtaka da ita, hankalina ba ya kwanciya da wuri, don abin da ya kama ɗaya yana iya kama ɗayar. Ina kyautata zaton wannan ne ya sa aka riƙe ku kwana uku maimakon a sallame ku washegari.

Abin da ake tsoro a waɗannan kwanaki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ainihin "shanyewar" da Hajiya kaka take nufi, kuma ba ƙarya ta yi ba, ta ga irinsa a rayuwa. Tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu suna cikin wata riga mai tauri wadda ba ta miƙewa, kamar fatar da aka ɗaure a bakin ganga. Idan tsoka ta kumbura a ciki, ba ta da inda za ta, sai matsi ya yi ta hauhawa har ya rufe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Abin ban tsoron shi ne ana iya jin bugu lafiya lau a wuyan hannu alhali tsokar na mutuwa a ciki. Tsokar da ta mutu tabo take zama, tabo kuma tsukewa yake yi, sai ya janye yatsu da wuyan hannu su ƙanƙance kamar ƙafar kaza. Richard von Volkmann, shi ma likitan Jamus, ya bayyana wannan a 1881, kuma abin da ya ɗora wa laifi tun a lokacin shi ne ɗauri mai tsanani.

Babba zai ce miki zafin ya wuce misali. Yaro ba ya faɗa, nunawa yake yi. Ya kasa zama wuri ɗaya, ya firgice, maganin da ya kwantar da shi ɗazu yanzu bai yi masa komai ba. Na tuna wata yarinya 'yar kamar shekara bakwai da muka yi wa aiki da yamma. Wajen ƙarfe ɗayan dare ma'aikaciyar jinya ta kira ni, ta ce karo na uku ke nan ana neman ƙarin maganin zafi. Uwar tana ta ba ni haƙuri, wai "Likita rigima ce kawai, haka take ko a gida." Yatsun da ɗumi, bugu ma akwai. Na kama ɗan yatsanta na tsakiya na miƙe shi a hankali, ba da ƙarfi ba, sai ta ƙwalla ƙarar da ta tashi duk ɗakin. Na taɓa hannun ƙasa da gwiwa, tauri kamar icce. Muka yanke bandeji har fata, muka jira kaɗan, babu sauƙi, muka koma tiyata. Da aka tsaga rigar nan tsokar ta bulbulo waje, launinta ya yi duhu, muna tsaye muna kallo ta fara komawa ja. Ta tafi gida da dogon tabo, amma da hannun take rubutu. Da an biye wa maganar rigima zuwa asuba, da wani labarin ake yi.

Wannan ya kawo mu ga masu ɗori. Ba na cikin likitocin da ke zaginsu. Gadon gidansu ne, suna kusa da jama'a, ba sa tsawwala kuɗi, kuma karaya da yawa a jikin yaro za ta haɗe ko wa ya ɗora ta, don ƙashin yaro ba ya wuyar haɗewa. Amma gwiwar hannu ba wurinsu ba ne. Ana jan hannu ba tare da an ga inda bakin ƙashi yake ba, alhali jijiyar jini na rataye a kansa. Sannan a jera karare a ɗaure tamau a kan hannun da bai gama kumbura ba. Yaro ya kwana yana ihu, a ce zafin ɗori ne, a yi haƙuri. Rana ta huɗu ko ta biyar a kawo mana shi fata ta yi bororo, yatsu sun yi baƙi, wani lokaci babu abin da ya rage sai yankewa. Likitocin ƙashi a faɗin Najeriya sun san wannan sarai. Don adalci kuma, simintin asibiti ma yana yin wannan ɓarnar idan aka zagaye sabon kumburi da shi, shi ya sa a farko rabi muke sawa ta baya, mu bar wa kumburi wuri. Duk wanda ɗansa ya karye a gwiwar hannu a garin nan, musamman in ya ga fatar gaban gwiwar ta lotsa ko jini ya kwanta a wurin, ya wuce kai tsaye inda ake da likitan ƙashi da ɗakin tiyata, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jihar Filato, ko Jankwano.

To, ɗanki ya tsallake wannan. Sati uku, kumburi ya saɓe, ba ya kukan zafi. Mu koma kan yatsun.

Manyan jijiyoyin saƙo uku ne ke ratsa gwiwar hannu. Akwai ta tsakiya, maƙwabciyar jijiyar jini. Akwai ta gefen waje, mai ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. Akwai ta gefen ciki, wadda idan kika buge gwiwar hannu a jikin ƙofa kike jin kamar lantarki ya ja ki har ƙaramin yatsa. Yaro mai kuka ba a yi masa gwajin manya, wasa muke mayar da abin. In ce ya dunƙule hannu kamar ɗan dambe, wannan ta tsakiya ce. Ya ɗaga babban yatsa ya miƙe sauran, ta waje ke nan. Ya yi almakashi da yatsu biyu, ya buɗe ya rufe, ta ciki. Sai na ƙarshe, ya haɗa kan babban yatsa da kan manuni ya yi mini zobe.

A zoben nan ɗanki zai faɗi. Maimakon da'ira, yatsun biyu za su haɗu a miƙe kamar bakin agwagwa. Abin da ya taɓu wani reshe ne na jijiyar tsakiya, wanda aikinsa lanƙwasa gaɓar ƙarshe ta waɗannan yatsu, kuma shi ne ya fi kowanne yawan taɓuwa a irin wannan karaya. Reshen ba ya kai ji zuwa fata, shi ya sa in kika taɓa kan yatsun zai ce yana ji daidai. Shi ya sa kuma sau da yawa ba a lura da shi a daren farko, sai hankali ya kwanta uwa ta ga yaro ya kasa ɗaukar ƙwayar gyaɗa.

Ƙarfen ne ya jawo? Hajiya kaka ba ta yi nisa da gaskiya ba, ƙarfe na iya taɓa jijiya, amma wadda aka san shi da taɓawa ita ce ta gefen ciki, idan an soka shi ta wannan ɓangaren, dalilin da ya sa da yawanmu muka fi son shigar da ƙarafan duka ta waje. Alamarta kuma daban ce: ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi su mutu da ji, yaro ya kasa ware yatsu. Abin da kika kwatanta na gaban gwiwa ne, daidai inda bakin ƙashi ya soko ranar da ya faɗo. Mangwaro ya fi ƙarfe laifi a nan.

Tsinkewa kuma ba kasafai ba ce. Mafi yawa jijiyar miƙewa ta yi ko ta ƙuje, ta suma, amma tana nan a haɗe. Irin wannan tana farfaɗowa cikin wata biyu zuwa uku, wasu su kai wata shida. Idan zaruruwan ciki sun mutu amma rigar jijiyar na nan, sai su sake tsirowa daga sama suna gangarowa, kimanin milimita ɗaya a rana, wato kusan inci ɗaya a wata. Sa'ar da aka yi, tsokokin da wannan reshe ke ciyarwa ba su da nisa da gwiwa, kuma yara sun fi manya saurin warkewa nesa ba kusa ba. Babu allura ko ƙwayar da aka tabbatar tana ƙara wa wannan tsiro sauri. Kuɗin "allurar jijiya" da za a yi ta kaiwa kemis gara a saya wa yaro ƙwai da madara.

Haƙurin ma yana da iyaka. Idan aka cika wata uku babu ko ɗan motsi, ana yin gwajin tafiyar saƙo a jijiya da na'ura don a ga ko tana farfaɗowa. Idan aka doshi wata shida shiru, sai a buɗe a duba. Wani lokaci tabo ne ko sabon ƙashi ya rufe ta, a 'yanto ta. In ta tsinke ne a ɗauko wata 'yar jijiyar ji daga ƙafa a haɗa. Ba a barin abin ya shekara, domin tsokar da ta daɗe babu saƙo takan kai inda ko saƙon ya dawo ba ta amsawa, daga nan sai dai a karkato igiyar wata tsoka mai lafiya ta yi aikin. Akwai kuma inda ba a jira tun farko: idan karayar ta fasa fata, ko yatsun na motsi kafin aiki suka daina bayansa, ko ƙashin ya ƙi haɗuwa ƙut kamar akwai abin da ya shiga tsakani.

A gida aikinki ba shi da yawa. Kada siminti ya jiƙe. Kullum ki kama gaɓoɓin nan biyu da suka ƙi motsi ki lanƙwasa masa su a hankali ki miƙe, sau goma safe da yamma, don kada su sandare kafin saƙo ya dawo. Ƙarafan ana zare su ne a sati uku zuwa huɗu, a ɗakin ganin likita, yawanci ba sai an sa shi barci ba, kuma tsoron ya fi zafin yawa. Bayan nan gwiwar za ta yi tauri na ɗan lokaci, to a nan ne 'yan uwa ke kawo shawarwari: a gasa da ruwan zafi, a murza da man zafi, a ba shi bokitin ruwa ya riƙa ɗauka don hannu ya miƙe. Kada ki yarda da ko ɗaya. Murza da ja da ƙarfi na iya sa ƙashi ya tsiro a cikin tsoka, gwiwar ta ƙara ƙagewa. Ki bar shi ya yi wasansa a ƙasa, ya ci abinci da hannun, ya tsinci wake a faranti, gwiwar za ta saki da kanta. Idan likitansa ya ga ana buƙatar masu gashin ƙashi zai tura ku. Bishiya da katanga dai a dakata tukuna.

Bayan an cire siminti ga gwajin da za ki yi don hankalinki ya kwanta game da shanyewa. Ki riƙe wuyan hannunsa a miƙe ki buɗe masa yatsu duka. Idan sun buɗe da laushi babu zafi, tsokar lafiya take, saƙo kawai ake jira. Idan kuwa sun naɗe sun ƙi buɗewa sai kin sunkuyar da wuyan hannun, wannan tsukewar tsoka ce, ki mayar da shi ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba. Haka nan in zafi ya dawo, ko hannun ya fi ɗayan sanyi, ko bakin ƙarfe ya fara ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo, ko wani yatsa ya daina ji.

Ranar cire ƙarfe ki tafi da Hajiya kaka, ta ga hoton farko da na yanzu da idonta, yawanci hoton ya fi bakin likita iya lallashi. Ki tambayi likitan ko bugun jini ya dawo a wuyan hannun, ko an lura da raunin yatsun tun kafin aiki, da kuma ko ƙashin ya zauna ƙut ba tare da gibi ba. Amsoshin nan su za su nuna masa, su nuna miki, ko jira za a ci gaba da yi ko akwai dalilin dubawa da wuri. Ki kuma sa ya rubuta ranar da za ku dawo a sake gwada yatsun.

Daga nan duk ranar Juma'a ki ce ya yi miki zobe, ki ɗauka a waya, don ido na mantuwa kuma canjin a hankali yake zuwa. Ki riƙe masa gindin babban yatsan da hannunki yadda gaɓar ƙarshe kaɗai za ta iya motsi, ki ce ya lanƙwasa. Abin da za ki fara gani ba lanƙwasawa ba ce, ɗan rawa ne kawai a kan yatsan, wanda in ba ki zuba ido ba zai wuce ki. Ranar da kika gan shi ki rubuta kwanan watan, ki kai wa likitansa.